P ko Jazz, tsirkiya huɗu ko biyar? A taimaka min da shawara kan bes ɗina ta farko

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah yayyena masu kaɗa jitar bes shawara nake nema, kaina ya ɗaure, kuma kullum na shiga YouTube don in warware sai ya ƙara ɗaurewa.

Ni dai asali jita mai tsirkiya shida nake ɗan taɓawa, na kai shekara biyu ina fama da ita ba yabo ba fallasa. To wani dare na sa abin kunne ina sauraron tsofaffin waƙoƙin Wailers, ƙungiyar Bob Marley, waƙoƙin da na sani tun ina yaro fa, amma ranar ne kunnena ya faɗa kan abin da ke can ƙasa, wannan sauti mai kauri da yake tafe kamar ƙaton mutum yana takawa ba ya sauri, ya yi magana ya yi shiru ya sake dawowa, wallahi sai na ji kamar ban taɓa jin waƙoƙin ba. Na bincika na ga ashe Aston Barrett ne, wanda ake ce wa Family Man. Tun daga ranar na kamu, yanzu ko wace waƙa aka sa ba na jin mawaƙin, mai bes kawai nake bi.

Wani abokina ya ara min tasa na sati biyu, yatsuna suka yi bororo amma ban ji zan daina ba, ranar da ya zo karɓa kamar in yi kuka. Yanzu na ɗan tara abin da na tara ina so in sayi tawa, kuma ba na so in saya in dawo ina da na sani. Waɗanda nake dubawa su ne Squier samfurin Precision, wato P, da Squier samfurin Jazz, da wata Ibanez mai tsirkiya biyar da ta yi min kyau a ido sosai, sai kuma Sire ta Marcus Miller da kowa yake yabo amma ta ɗan fi ƙarfina sai na ƙara haƙuri.

Tambayoyina, na farko mene ne ainihin bambancin P da Jazz a kunne, ba a hoto ba. Na biyu in fara da huɗu ne ko in tafi biyar kai tsaye tunda an ce ƙarshenta can zan koma. Sannan hannuna ƙarami ne gaskiya, ta abokina da na riƙe sai da na ji kamar ina miƙa hannu in ɗauko abu a saman kwaba. Kuma zan iya jona ta a amfilifaya ta jitata ko sai na sayi wata? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da shigowa, ka kamu da ciwon da ba a warkewa, mu nan shekara ashirin da ɗoriya muna jinya hhh. Kuma ka shigo ta ƙofa mai kyau, wanda Family Man ya jawo shi bes ya riga ya gane cewa shirun da ke tsakanin sauti da sauti shi ma kiɗa ne. Mutumin ya rasu a watan Fabrairu 2024, shi da ƙaninsa Carlton mai ganga su ne ƙashin bayan kiɗan Bob Marley, kuma shi ya koya wa Robbie Shakespeare, wani gwanin bes ɗin rege.

Bari in fara da tambayarka ta farko. Precision ita ce babbar yaya, Leo Fender ya fito da ita a 1951. Kafin nan masu bes da ƙatuwar nan ta tsaye suke fama, wadda ta kai tsawon mutum, ba ta da ƙarafunan nan na kan wuya da muke cewa firet, ga wahalar ɗauka ga shi ganga da ƙaho suna danne ta. Da ya sa mata firet sai ya zama inda ka danna nan sautin yake daidai ba kuskure, daga nan sunan ya samo asali. A 1957 aka canza mata fikof, wato maganaɗisun nan da ke ɗaukar girgizar tsirkiya ya mai da ita lantarki, aka raba shi gida biyu, kuma har yau haka take. Maɓalli biyu kawai gare ta, na ƙara da na laushin sauti, shi ke nan. Sautinta dunƙulalle ne, yana da ƙirji, idan kana kaɗa ta kai kaɗai a ɗaki za ka ce ai ba wani abin burgewa, amma bari a haɗa da ganga da piyano da murya, sai ka ji ta zauna daram a wurinta ba ta rigima da kowa. Shi ya sa masu situdiyo ke son ta.

Jazz ta zo a 1960. Fikof biyu gare ta, ɗaya kusa da wuya ɗaya kusa da gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a jikin bes ɗin, kowanne da maɓallinsa, don haka kana da launin sauti da yawa, na wuya yana ba ka kauri, na gada yana ba ka wani sauti siriri mai hanci, ka buɗe su duka biyu ka sami mai tsabta wanda masu marin tsirkiya da babban yatsa ke so. Aibinta shi ne idan ka buɗe ɗaya kaɗai takan yi ɗan gurnanin lantarki, sai ka daidaita su biyun yake ɓacewa. Kuma wuyanta ya fi siriri a can sama, inci 1.5 ne, na P ya fi faɗi. Wannan ya shafe ka tunda ka ce hannunka ƙarami ne. Family Man ɗinka ma Jazz ya fi riƙewa, ka ga kenan kaurin nan da ka ji ba sai da P ake samu ba, hannu ne da inda yake taɓa tsirkiyar, kusa da wuya, da tsokar yatsa.

Amma ni in ka tambaye ni P zan ce maka, kuma dalilina mutum ɗaya ne, James Jamerson. Ka je ka nemi waƙoƙin kamfanin Motown na shekarun 1960, yawancin waɗanda suka yi tashe shi ne a ƙasansu, a wani ɗan situdiyo a Detroit, kuma a lokacin ko sunansa ba a rubutawa a jikin faifai. P ce ƙirar 1962, tsirkiyarsa masu santsi ne na La Bella kuma ba ya canza su sai in sun tsinke, da soso a ƙarƙashin murfin gada yana kashe doguwar ƙara, kuma duk abin nan da za ka ji kamar mutum biyu ne ke kaɗawa da yatsa ɗaya yake yi, manuniya kawai. Yatsa ɗaya fa! Ni na yi shekaru da yatsu biyu ina bin sa ban kamo ƙurarsa ba. Ya rasu a 1983 a Los Angeles, an ma sace bes ɗin dab da rasuwarsa, sai a shekarar 2000 aka sa shi a Rock and Roll Hall of Fame. Duk lokacin da na ji kwaɗayin sabon kaya ya taso min sai in tuna mutumin nan da maɓallansa biyu in ji kunya.

Yanzu abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci, wuya. Ko sabuwa ko ta hannu, ka danna tsirkiyar E, wato mai kaurin nan, a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka duba tsakiya wajen na bakwai ko na takwas, ya kamata ka ga ɗan sarari kamar kaurin kati. In babu sarari ko kaɗan za ta riƙa zzz, in ya yi yawa kamar baka za ka sha wahalar dannawa. Akwai ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa a gyara wannan, ka tabbatar yana juyawa, don in ya ƙage ko ya mutu to ka sayi itace kawai. Ni ya taɓa faruwa da ni, na sayi wata ta intanet ban riƙe ta ba, hoto kamar amarya, da ta iso wuyan a murɗe yake kamar an matse wanki, mai gyara ya duba ya ce sai dai a canza wuya. Sannan ka bi firet ɗaya bayan ɗaya a kowace tsirkiya ka ji ko akwai inda sauti ke mutuwa, ka shafa gefen wuyan ka ji ko ƙarafunan na yankar hannu, ka juya maɓallai ka ji ko suna ƙarar yashi, ka girgiza wayar a bakin jakin, wato ramin da ake jona ta. Kuma duk wadda ka saya ka ware wani abu ka kai wa mai saiti, wanda zai daidaita wuya da tsirkiya. Bes mai araha da aka yi wa saiti mai kyau ta fi mai tsada da aka bari yadda ta fito daga kwali daɗin hannu, wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Huɗu ko biyar kuwa, huɗu. Ka iya huɗun tukuna.

Mai_Biyar:

Baba Tsohon_Hannu ina gaisuwa, duk abin da ka faɗa kan wuya da saiti na sa hannu, amma maganar huɗu tukuna ɗin nan gaskiya ban yarda ba, kuma kullum ita manya ke faɗa wa yara kamar wata doka. Ni da biyar na fara kuma ban ga abin da ya same ni ba.

Ɗan'uwa Sabon_Shiga ka tambayi kanka wane kiɗa za ka yi kuma da su wa. In da masu kibod za ka riƙa kiɗa, ka sani suna son ɗauko waƙa a E♭ da A♭ da D♭ kamar me, su a wurinsu ba komai ba ne, kai kuma mai huɗu sautinka na ƙarshe a ƙasa E ne, to ranar da aka ɗauko waƙa a E♭ sai dai ka haura sama ka kaɗa siriri a daidai inda ake so ƙasa ta girgiza, ko ka tsaya kana sassauta tsirkiya a gaban mutane. Mai biyar yana da B a ƙasa, E tana wajen girgiza 41 a daƙiƙa ita kuwa B wajen 31, wannan ba kunne kaɗai ke jin sa ba har ciki. Kuma waƙoƙin yanzu da yawa da kwamfuta ake yin bes ɗinsu, suna sauka ƙasa da E ba ruwansu, in an ce ka kaɗa su a fili da huɗu za ka ji wani abu ya ɓace. Wani amfanin da ba a cika faɗa ba, ba sai ka yi ta zarya a wuya ba, kana zaune a firet na biyar komai na ƙarƙashin yatsunka, kuma a can firet sun fi matsuwa, ga mai ƙaramin hannu wannan sauƙi ne.

Ka dubi Richard Bona ɗan Kamaru, ni shi ne gwanina duniya da lahira hhh, biyar yake riƙewa, da ta Fodera aka san shi, yana kaɗawa yana waƙa lokaci guda da muryar nan tasa mai sanyi kamar ba shi ke yin abin da yatsun ke yi ba. A Douala ya fara jaz, a wani kulob, mai wurin ya ba shi fayafai ya saurara, da ya ji Jaco Pastorius ya ajiye jita ya koma bes, ya bi ta Jamus da Faransa ya sauka New York a 1995, ya yi aiki da Joe Zawinul da Pat Metheny. Ga Nathan East da Yamaha ɗinsa mai biyar. Har shida ma akwai, Anthony Jackson ne ya matsa aka ƙera masa tun a shekarun 1970.

Amma zan faɗa maka gaskiya kar ka ce na rufe ka. Biyar mai araha sau da yawa B ɗinta lagwani ce, tana lilo kamar igiyar shanya, sautin ba ya fita tsaf sai wani buuu. Shi ya sa wasu kamfanoni ke ƙara tsawon tsirkiyar daga kai zuwa gada ya kai inci 35 maimakon 34. In za ka gwada ka kaɗa B a buɗe sannan ka danna firet na ɗaya zuwa na biyar, in ba ka iya bambance su da kunne ba ka ajiye ta. Na biyu, aikin kashe sauti ya ƙaru, kana kaɗa G can ƙasa B tana gurnani ita kaɗai, dole babban yatsanka ya koyi kwanciya a kan waɗanda ba ka taɓawa. Na uku yawancinsu masu batir ne, batir mai bolt 9 a baya, suna ba ka damar ƙara kauri ko kaifi daga jikin bes ɗin, Music Man StingRay ta 1976 na cikin waɗanda suka fara yaɗa wannan. Daɗi kam akwai, amma in ka gama ka zare waya daga jaki, in ka bar ta a jone batir na ci ko ba ka kaɗawa. Ni ya taɓa mutu min a tsakiyar biki, sauti ya fara kwarkwar kamar rediyo mai neman tasha, mai ganga yana harara ta, tun ranar kullum da na ajiya a jaka. Sire ɗin da ka ambata tana da maɓallin da za ka kashe ɓangaren batir ka ci gaba, wannan kaɗai ya isa a yi mata haƙuri a ƙara tari.

Tsohon_Hannu:

Mai_Biyar sauti nawa B ɗin ta ƙara maka? B, C, C#, D, E♭, biyar kacal. Saboda biyar ɗin nan yaro zai ɗauki wuya mai faɗi da ƙarin nauyi da gurnani, shi da ya ce Family Man yake son bi. Marcus Miller da ka ke yabon Sire ɗinsa ai Jazz mai huɗu ƙirar 1977 ce ta yi masa suna, da ita ya yi aiki da Miles Davis. Amma na yarda da kai a kan masu kibod, waɗannan mutane ba su da tausayi.

Yar_Bes:

Sannunku yayye. Kun yi ta P da Jazz da biyar kun bar abin da bawan Allah ya fi kuka da shi, hannu. Ni mace ce kuma hannuna na tabbata bai kai naka ba ɗan'uwa, shekarata shida ina kaɗawa, bari in gaya maka abin da na gano.

Na farko ba a dannan bes kamar jita. A jita an koya maka yatsa ɗaya firet ɗaya, in ka kawo wannan can saman wuyan bes inda firet ke da faɗi za ka ji wa kanka ciwo a banza. A firet na ɗaya zuwa na biyar yatsu uku ake amfani da su, manuniya da na tsakiya da ƙaramin, na zobe yana taimaka wa ƙaramin, haka masu ta tsaye ke yi tun da can. Kuma hannu ake matsarwa gaba ɗaya ba miƙe yatsa ake yi kamar roba ba, babban yatsa a bayan wuya ba a maƙale a sama ba. Da malamina ya gyara min wannan kawai rabin kukana ya tafi. In ka ji zafi a wuyan hannu ka tsaya, bororon yatsa ba komai zai zama kanta, amma ciwon gaɓa ba abin jarumta ba ne.

Na biyu akwai gajeru, masu inci 30, kuma ba na yara ba ne kamar yadda wasu ke raina su. Paul McCartney da Höfner ɗinsa mai siffar goge ya yi Beatles, a Hamburg ta Jamus ya saye ta a 1961, gajera ce kuma cikinta rami ne ba nauyi, ita ce ma wadda aka sace a 1972 sai a 2024 aka ji ta dawo hannunsa. Fender ta fito da Mustang a 1966, Tina Weymouth ta Talking Heads ta riƙe ta. Gajeru sautinsu ma ya fi taushi da kauri don tsirkiyar ba ta ɗaure tamau ba, ga mai son rege wannan ba asara ba ce. Amma ni ƙarshe Ibanez mai inci 34 na zauna a kai saboda wuyan samfurin SR siriri ne sosai kuma jikin ba nauyi.

Nauyin nan kar ka raina shi. Bes da yawa suna kai kilo 4 wasu su wuce, a zaune ba za ka ji ba, sai ka rataya ta awa biyu. Ka gwada ta a tsaye da maɗauri, ka sake hannu ka gani ko kan yana nutsewa ƙasa, in yana nutsewa hannun hagunka zai zama ma'aikaci biyu, yana dannawa yana tallafe. Ka sayi maɗauri mai faɗi.

Amfilifayar jita kuwa a'a. A hankali can ƙasa-ƙasa za ta yi maka na ɗan lokaci, amma sifikarta ba a yi ta don wannan girgiza ba, ka ƙara murya ka yage ta, kuma ba za ka ji ainihin sautinka ba balle ka gyara shi. Ka nemi ta bes ko ƙarama ce, mai sifika inci 10 in da hali, Fender Rumble 40 irin wannan ce kuma ba nauyi, ko ka sayi ɗan akwatin da ake jonawa a kwamfuta ka yi da abin kunne maƙwabta su huta. Mutane na zuba duk kuɗinsu a bes su manta da abin da zai fitar da muryarta.

Kuma tunda kowa ya ambaci gwaninsa maza zalla, ni tawa Carol Kaye ce, an haife ta a 1935, ita ma daga jita ta koma bes kamar kai, ta yi dubban rikodin a situdiyoyin Los Angeles, kuma da ɗan robar nan na kaɗa jita take yi ba da yatsa ba, don haka duk wanda ya ce maka mai bes na gaske ba ya riƙe roba ka tura shi wurinta. Sai Esperanza Spalding da ta ci Grammy ta sabon tauraro a 2011, ta tsaye da ta lantarki duk nata ne.

Marar_Firet:

Tab, an yi wannan doguwar hira an ambaci Jaco sau ɗaya tak, a gefe ma? Haba jama'a. Ɗan'uwa ka saya duk wadda ka ga dama amma don Allah daren yau ka nemi faifansa na farko na 1976 ka saurara, shekarar da ya shiga ƙungiyar Weather Report kenan. Jazz ce ƙirar 1962 ya cire mata firet ya cike ramukan ya shafe wuyan da gam ɗin da ake wa jiragen ruwa don kar tsirkiya masu kaushi su cinye itacen, ya buɗe fikof na gada ya kaɗa dab da gadar, sai bes ta koma tana waƙa kamar mutum, tana mwaaa, tana fitar da wasu ƙararrawa da ba ka san suna cikinta ba. Kafin shi mai bes a baya yake tsayawa kusa da mai ganga, shi ya jawo ta gaba. Ƙarshensa ne abin tausayi, rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ta kama shi, aka sace bes ɗin a New York a 1986, a 1987 wani mai gadin kulob a Florida ya yi masa dukan da ya yi ajalinsa yana ɗan shekara 35. Bes ɗin sai bayan kusan shekara 20 ta bayyana, Robert Trujillo na Metallica ya sa kuɗinsa don ta dawo wajen iyalin.

In ka gama da shi ka nemi Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu a faifan Paul Simon na 1986, shi ma marar firet ne amma da wani irin tsalle na daban, da Pino Palladino, wanda ya yi suna da marar firet a shekarun 1980 sannan ya juya ya koma P da tsirkiya masu santsi wajen D'Angelo, Baba Tsohon_Hannu na san wannan zai yi maka daɗi. Ban ce ka fara da marar firet ba fa, ni na yi wannan gangancin, shekara guda ina kaɗa abin da nake zaton daidai ne sai da na ji rikodin kaina, kamar kyanwa a cikin buhu.

Sabon_Shiga:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ban zaci zan sami wannan duka ba. Yaya Yar_Bes maganarki ta yatsu uku ta buɗe min ido, na koma wurin abokina na gwada a tasa yadda kika ce, wallahi saman kwabar ya sauko hhh, ashe ni ke wahalar da kaina.

Na samu na riƙe guda uku jiya. Ibanez mai biyar ɗin da nake mafarki na yi mata gwajin da Yaya Mai_Biyar ya faɗa, gaskiya C da C# ban iya raba su ba a kunnena, ko laifinta ne ko na amfilifayar da aka jona min ko na kunnen nawa, kuma ina kaɗa D ina jin wani abu na gurnani a sama, sai na tuna maganar babban yatsa. P ɗin sautinta ya yi min, Baba ka yi gaskiya tana da ƙirji, amma wuyan ya cika min hannu. Jazz ɗin kuwa ina ɗora hannu na ji kamar an auna da ni, na rufe na gada na buɗe na wuya na rage kaifi na kaɗa can kusa da wuya da tsokar yatsa, abin da ya fito ya ɗan yi kama da abin da na ji a daren nan, ɗan kama dai, kar ku yi min dariya. Na yi gwajin kati ma, sararin ya ɗan yi yawa amma ƙarfen cikin yana juyawa. Ina ganin ita zan ɗauka, ragowar in haɗa da ƙaramar amfilifaya da kuɗin saiti, Sire ta jira ni.

Saura abu ɗaya, tsirkiyar da ke kanta masu kaushi ne, suna ƙiiƙii in na ja yatsa. In canza zuwa masu santsi tun yanzu ko in bari?

Tsohon_Hannu:

Jazz ɗin ma 'yar gida ce, ba ka fita daga dangi ba, Allah ya sanya alheri. Tsirkiya ka bar na kanta tukuna su yi wata uku, za su dushe da kansu, kuma ƙiiƙii ɗin nan malami ne, yana gaya maka kana jan yatsa maimakon ɗagawa. Masu kaushin ma suna da tarihinsu, Rotosound ta yi su a 1966 tare da John Entwistle na The Who, kuma in wata rana ka ce za ka gwada marin Larry Graham, wanda ya ƙirƙiro shi don cike gurbin mai ganga lokacin yana kiɗa da mahaifiyarsa, su za ka nema. In wata ukun ta cika har yanzu kunnenka na wajen Family Man to ka sa masu santsi, amma ranar da za ka sa ka koma wurin mai saiti, yawancinsu sun fi ɗaurewa, za su ja wuyan gaba sai an sake juya ƙarfen kaɗan.